Shekarar da Jini Ya Ƙaryata Takardata

Duk lokacin da aka turo mini sababbin ma'aikata su koyi ɗibar samfuri, sai an sami wanda zai kalli kayan da na shimfiɗa a kan tebur ya ce, "Anti Asabe, shi ke nan aikin? A tsira allura, a rubuta lamba, a jefa cikin akwatin ƙanƙara?" Ni kuwa sai in ce masa shi ke nan. Ba na ɓata bakina a kan wanda bai taɓa tura babur cikin yashin Sule Tankarkar da rana tsaka ba. Amma bana wata 'yar gayu, waya a hannu, ta ce mini ai yanzu na'ura ce ke zana dangin mutum, ma'aikaci dannawa kawai yake yi. Ita ce ta sa na ce bari in zauna in rubuta muku yadda aikin yake tun ina iya tuna sunayen mutane.

Ni asalina ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibiti a nan Gumel. Awon ciki, awon jarirai da rigakafi, aikina ke nan, har aka zo da wani aikin bincike a kan ciwon asma, wanda tsofaffinmu ke kira fuka. Suna neman mace da za ta iya shiga cikin gidaje, wadda kuma za ta hau bayan babur ba tare da ta yi ta salati a kowane rami ba. Aka haɗa ni da Baba Bitrus, mai gwajin jini, mutumin Filato da ya daɗe a Gumel har ya fi ni sanin lungunanta. Gajere ne mai furfura, tabarau ɗaure da zare a wuyansa. Shi ne ya koya mini sana'ar nan.

Makona na farko bai bar ni na taɓa allura ba. Ƙananan kwalabe ya zube mini a gaba, babu komai a ciki, ya ce in yi ta rubuta musu lamba. Na rubuta, ya ɗaga ɗaya ya kawo ta daf da hancinsa.

"Wannan ɗaya ce ko bakwai?"

"Bakwai ce, Baba."

"Ke kika san bakwai ce. Wanda zai karanta ta a ɗakin gwaji bai san ki ba, bai san uwarki ba. Sake."

Ka'idarsa ba ta da yawa, amma ba ya ɗaga ƙafa a kanta. A rubuta lamba kafin a tsira allura, ba bayan an tsira ba. A kira sunan mutum da ƙarfi ya amsa, a karanta lambar da ƙarfi, ni in duba takarda in ce haka ne. Kwalba biyu ba sa hawa faranti lokaci guda. Na taɓa ganin wani magidanci, don ya taimaka, ya ɗauki kwalbar ƙaninsa ya ajiye kusa da tasa. Baba Bitrus ya zubar da duka biyun, ya ba su haƙuri, ya sake ɗiba daga farko. Mutumin yana ta rantsuwa cewa ya san tasa, ita ce ta hagu, shi kuwa Baba ko kallonsa bai yi ba.

Sai akwatin ƙanƙara. Da sassafe muke karɓar ƙanƙarar a bakin kasuwar Gumel, a naɗe akwatin da jiƙaƙƙen buhu, ya ɗaure shi a bayan tsohon babur ɗinsa, ni ina biye a bayan ɗan acaɓa. In muka isa gari inuwa ɗaya ce, to ta akwati ce, mu mu tsaya a rana. Har hularsa yakan cire ya kifa masa. Na ce, "Baba, akwatin nan ya fi 'ya'yanka gata." Ya ce, "'Ya'yana in sun ji zafi za su faɗa."

Ranar da na fi dariya a aikin nan a Maigatari ne, ranar kasuwa. Muna da wani ɗan bututu na roba da mutum ke cika ƙirji ya hura da ƙarfi, wani ɗan tsinke ya motsa ya nuna ƙarfin numfashinsa. Muna gwada wani mai fuka a rumfar mai unguwa, sai ga wani dogon mai raƙuma daga tsallaken iyaka ya tsaya a kanmu. Ya ce, "Lokotoro," wato likita a bakinsu, "ba ni in hura." Na ce ba ya cikin aikin. Ya ce shi dai a ba shi. Ya hura, tsinken ya kai ƙarshe, ya juya ya kira abokinsa ya zo su gwada wanda ya fi. Kafin azahar fatake sun yi layi, kowa yana jan wuyan riga, waɗanda muka zo dominsu suna gefe suna kallo. Sai da mai unguwa ya ce duk wanda ya hura sai an ɗebi jininsa, sannan layin ya watse kamar ba a taɓa yin sa ba.

Kada ku ɗauka mutane miƙo hannu kawai suke yi. Kafin ka ɗebi ɗigo ɗaya sai ka gaya wa mutum me za a yi da shi, da harshen da zai gane, ya yarda da kansa ya dangwala yatsa. Ni kaina ban gane abin da ake nema ba sai ranar da Dakta Sa'adatu, shugabar aikin, wata 'yar Kano siririya mai saurin magana, ta yi wa wani mai gari bayani a yankin Gagarawa.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, jikin mutum ƙwayoyi ne ƙanana da ido ba ya gani, kuma Allah ya sa wa kowace lokacin mutuwarta, ta ba wata wuri. Idan hayaƙi ko ƙaiƙayin gero ya shiga hanyar numfashi, akwai ƙwayoyin da ke rugowa su yi faɗa da shi. In sun gama ya kamata su mutu, hanya ta buɗe. To, a jikin wasu masu fuka sai su daɗe ba su mutu ba, hanyar ta kumbura, numfashi ya riƙa fita da kuka. Umarnin mutuwar nan yana cikin abin da mutum ke gada daga uwa da uba, kuma na kowa ya ɗan bambanta da na wani. Muna so mu gani ko wannan bambancin yana cikin abin da ke sa wani ya kamu, ɗan'uwansa da suke ci a kwano ɗaya bai kamu ba."

Mai gari ya shafa gemu ya ce, "Wato 'yan gayya ne aka kira, sun gama noma, sun ci tuwo, sun ƙi komawa gidajensu."

Dakta ta ce, "Ranka ya daɗe, ka fi ni iya faɗa." Tun daga ranar da bayanin mai gari nake aiki, nata na ajiye shi.

Duk da haka ba kowa ke yarda ba, kuma wanda ya ce a'a sai ka yi masa godiya ka wuce. Wata tsohuwa ta ce za ta bayar in an yi alkawarin dawo mata da shi bayan an gama dubawa. Wasu kuma da sun ga farar riga sai su kwaso duk ciwon gidan, daga haƙori har dasashi, har da akuyar da ta ƙi cin abinci. Wanda muka samu da fuka mukan haɗa shi da asibiti a ba shi abin shaƙa, mu koya masa yadda ake amfani da shi. Ku koya da kyau, ku sa mutum ya yi a gabanku. Akwai dattijon da muka koma wurinsa bayan wata guda ya ce maganin banza ne, ashe a kan riga yake fesa shi daidai ƙirji kamar turare.

Nawa ɓangaren na musamman shi ne takardar dangi. Tunda gado ake bi, dole a san wa ya haifi wa. Mace da'ira ce a takarda, namiji ɗan akwati, a ja layi daga iyaye a sauko kan 'ya'ya, mai fuka a cike nasa da baƙi. Baba Bitrus yana zaure da maza, ni ina cikin gida a kan tabarma da mata ina tambaya ina zanawa. Ina alfahari da takarduna ƙwarai, don layina a miƙe yake, ba gogewa, ba datti. Dakta har ɗaga su take yi tana nuna wa ma'aikatan wasu garuruwa.

Gidan Inna Gambo, a wani ƙauye arewa da Sule Tankarkar, mun je shi da kaka ana sussuka. Tsohuwa ce tukuf mai baki, ta zaunar da ni ta ba ni gyaɗa, ta shiga lissafa mini 'ya'yanta. Ta fara da babbar 'yarta Hansai, wadda ke aure a nan cikin ƙauyen, ta zo taya ta aiki a ranar. Ta jero sauran, ta rufe da cewa, "Sai autana, Auwalu. Shi ne mai ciwon da kuke nema." Auwalu magidanci ne a lokacin, ya kusa talatin, manomi mai ƙwazo wanda ba ya iya kusantar masussuka sai an ɗauko shi ranga-ranga. Da Inna ta kira sunansa na ga Hansai ta juya baya ta ci gaba da tankaɗe kamar ba ta ji ba.

Na gani, kuma na gane. Ba zan yi muku ƙarya in ce ban gane ba. Kowa a ƙasar nan ya san mace tana kunyar ɗanta na fari, ba ta kama sunansa, ba ta ce nata ne a gaban mutane, sau da yawa ma da an yaye shi kaka ke ɗauka ya zama nata. Ni kaina in ka ce in ƙirga maka 'ya'yana daga na biyu nake farawa. To ta yaya zan dubi Hansai a gaban uwarta in ce ke kika haife shi? Na ce a raina takarda ce kawai, kuma tunda Inna ce ke riƙe da shi ai ba ƙarya aka yi ba. Na ja layina mai kyau daga Inna Gambo zuwa Auwalu, na jera shi a matsayin ƙanin Hansai. Inna da Hansai suka dangwala, Baba Bitrus ya ɗebi jinin kowa, muka tafi ina cin gyaɗata.

Sai damina ta zo, ita ce muguwar shekarar. Dakta ta iso Gumel ba sanarwa, ba ta ko zauna ba ta ajiye wata wasiƙa a kan tebur. Daga babban ɗakin gwajin da ake aika jinin ta fito. Sun ce a gidaje bakwai jini bai yi daidai da takarda ba: kwalbar da aka rubuta ta uwa ce, injin gwajinsu ya ce wannan ba uwar wancan ba ce. Takarda kuwa mutanen gida ne suka faɗa da bakinsu suka dangwala, saboda haka sun yanke cewa kwalabe aka musanya. Wanda ya musanya bakwai, in ji su, ba a san nawa ya musanya ba. Za a zubar da duk jinin da muka tara tun kaka, a kuma sallami mai ɗibar.

Baba Bitrus ya sa tabarau ya karanta wasiƙar har ƙasa, ya sake karantawa. Ya ce, "Dakta, tun ina saurayi nake wannan aiki, ban taɓa musanya kwalba ba. Amma ba ni da shaida sai bakina." Saura kaɗan ya yi ritaya. Ba barin aikin ne ya dame shi ba kamar a ce da wannan suna zai koma gida. Ya naɗe takardar ya mayar wa Dakta.

Lambobi ne kawai a wasiƙar, babu suna. Na roƙi Dakta ta ba ni, na koma gida da la'asar na baje takarduna a tsakar gida ina haɗa lamba da suna. Gida na farko, tsohuwa da auta. Na biyu, tsohuwa da auta. Na uku, wata da ta haura saba'in da 'yar autarta mai goyon fari. Na huɗu Inna Gambo ce da Auwalu. Wai Auwalu, kuma auta! Ai sunan kaɗai ya isa ya nuna ɗan fari ne. Duka bakwai ɗin 'ya'yan fari ne da ke hannun kakanninsu. Kwalaben Baba gaskiya suka faɗa, kyakkyawar takardata ce maƙaryaciya.

Washegari na faɗa musu, ban rage komai ba. Kunya ta kama ni har ba na iya ɗaga kai. Dakta ta ɗora hannu biyu a ka ta ce, "Innalillahi! Anti Asabe, ni ma babban yayana a wurin kakarmu ya tashi, har yau Yaya yake ce wa mamarmu. Duk mun sani, ba wanda ya tuna." Ta yi waya ta yi waya, aka ba mu mako biyu. Sharaɗin shi ne mu koma kowane gida, wadda ta dangwala a farko ta gyara da bakinta ta sake dangwalawa. Kuma sai duka bakwai, don in ɗaya ya rage za a ce wannan ɗin musanya ce, zargi yana nan.

Da muka fito Baba Bitrus ya tsayar da ni a bakin ƙofa. Ya ce, "Asabe, ki ji ni da kyau. Kada ki shiga gidan kowa ki ce jini ya nuna wane ba ɗan wance ba ne. Maganar nan in ta fita daga bakinki, kafin ta kai bakin rijiya ta zama wani abu, gida ya mutu. Gara a kore ni." Bai yi mini faɗa ba ko sau ɗaya, kuma wannan ya fi faɗan zafi.

Dabarar da na yi, wadda har yau ita nake koyarwa, ita ce in daina tambayar wa ke da ɗa. Sai in jira uwar ta tafi ɗibar ruwa ko in aike ta, in matsa kusa da tsohuwar in ce, "Inna, wannan da aka haife shi, wa ya yi wankan jego?" Tsohuwar gida na farko ta bushe da dariya har da tafi.

"Ke Malama, da kin ɗauka ni na haife shi? Dube ni fa!"

"To Inna, ai ke kika ce ɗanki ne."

"Ɗana ne mana. Ni na yaye shi, ni na kai shi makaranta, ni na yi masa aure. Naƙudar ce kawai ba tawa ba. Kawo in dangwala miki."

Haka muka bi gida shida cikin ruwan sama, daga Gagarawa zuwa bakin Maigatari, babur yana kafewa muna turawa. Ba inda ba a yi mini dariya ba. Wata ma ta kira maƙwabta su zo su ga malamar asibitin da ta yarda tsohuwa mai sanda tana haihuwa. Na shanye, don duk dariya ɗaya takarda ɗaya ce ta gyaru.

Saura kwana biyu muka isa ƙauyen Inna Gambo, sai muka tarar ta rasu tun farkon damina. Muka yi ta'aziyya. Yatsu biyu ne a takardar, na Inna da na Hansai, saboda haka Hansai kaɗai ta rage da za ta iya gyarawa. Na tambayi Auwalu ko zai yi mata magana, ya sunkuyar da kai yana murmushi ya ce, "Malama, ni in tunkari Yaya da wannan? Ki dai shiga, Allah ya ba da sa'a." Ya shimfiɗa wa Baba Bitrus tabarma a gindin darbejiyar ƙofar gidan Hansai, jikin zana, suka zauna tare.

Na same ta a tsakar gida tana tsinkar rama. Bayan gaisuwa da addu'a ga mamaciya na fito da takarda.

"Yaya Hansai, gyara na zo yi. Haihuwarki nawa?"

"Biyar," in ji ta, ta lissafa su tiryan-tiryan, ta fara da Rabi.

"Kafin Rabi fa?"

Ta ja mayafi ta rufe baki tana dariya. "Malama, ke ba 'yar nan ba ce? Ko a makarantar asibiti ake cire muku kunya?"

Na bi ta hanyar da na saba. Na ce wanda ke zaune a waje, a ina aka yanke masa cibiya? Ta ce a ɗakin Inna. Na ce wa ya yi wankan jego? Ta ce ruwan dai Inna ce ta dafa. Duk inda na ɓullo sai ta toshe, tana tsinkar ramarta hankali kwance. Da ba a matse nake ba da na yaba mata.

Sai na ajiye takardar na gaya mata gaskiya. Na ce kuskure na yi a ranar farko saboda na ji kunyarta, kuma ga dattijo can a waje za a kore shi daga aiki a kan laifina, a ce ya musanya jinin mutane, alhali bai yi ba. Na ce ita kaɗai ta rage.

Ta daina tsinkar. "Tsohon nan mai tabarau? Wanda ya koya wa wancan yadda ake shaƙar magani?"

"Shi."

"Bana har shara ya yi a gona ba a ɗauko shi ba," in ji ta, kamar da ramar take magana. Sannan ta ce, "Malama, in tambaye ki. Ciwon nan, da gaske gadonsa ake yi?"

Na ce abin da ake nema ke nan, ba a gama sani ba. Akwai rabon gado a ciki, akwai na hayaƙi da ƙaiƙayi da sauran abin da mutum ke shaƙa.

"Inna ba ta da shi. Har ta koma ga Allah ban taɓa jin ƙirjinta ya yi kuka ba. Maigidan nan ma ba shi da shi." Ta dafa ƙirjinta. "Ni ce mai shi, tun ina budurwa. In ana sussuka sai in ce kaina ke ciwo, in shige ɗaki in rufe."

"Yaya, me ya hana ki faɗa da muka zo?"

"A gabansa? In ce ga inda ya kwaso wahalar da yake sha?" Ta share ido da gefen mayafi, ta gyara zama, muryarta ta fito sosai. "Rubuta. Ni na ɗauki cikinsa, ni na durƙusa na haife shi, nonona ya sha wata ashirin. In gado ne, a wurina ya gada. Kawo abin dangwalawar."

Na ce mata ba laifin kowa ba ne, ita ma ba ita ta zaɓa ba, kuma dole ta zo Gumel a duba ta a ba ta nata abin shaƙar. Ta ce ta ji. Na soke tsohon layin, karo na farko da na yi murnar ɓata takarda, na ja sabo daga da'irarta zuwa akwatinsa, na cike tata da baƙi. Ta dangwala da ƙarfi har tawada ta fito ta baya.

Da wannan takarda ta bakwai Dakta ta tafi. Ba a zubar da jinin ba, aka kuma rubuto wa Baba Bitrus wasiƙar ban haƙuri, ya ƙarasa aikinsa ya koma gida da sunansa fes. Abin da masu bincike suka gano a jinin ba ni ce zan faɗa muku ba, aikina ya tsaya a bakin akwatin ƙanƙara. Ni abin da ya zauna mini shi ne fitowata daga gidan nan a ranar.

Baba Bitrus ya miƙe da ya gan ni, ya zuba mini ido. Kafin in buɗe baki sai Auwalu, yana zaune kansa a ƙasa yana zane a yashi da tsinke, ya ce, "Ta faɗa, Baba. Na ji." Ashe zanar ba ta tare komai ba. Baba ya cire tabarau yana ta gogewa da bakin riga.

Auwalu ya ɗago ya ce, "Malama, don Allah karanta mini yadda kika rubuta."

Na karanta masa. "Auwalu, ɗan Hansai, na fari."

"Ƙara."

Na ƙara. Ƙaton magidanci mai 'ya'ya uku, ya washe baki hawaye yana bin gemunsa, ya ce in ƙara sau ɗaya tak. Na buɗe baki zan karanta ke nan sai muryar Hansai ta fito daga bayan zana.

"Malama, ya isa haka, duk gari ya ji! Ki ce da yaron nan ya shigo ya ci abinci."